Ragowar Ɓera

Bana ma ruwa ya nuna mana halinsa. Ya zubo sau ɗaya mai kyau, manoma suka ruga suka zuba iri, sai ya ɗauke ƙafa kamar baƙon da aka yi wa laifi. Da hantsi hadari zai haɗo ta wajen Titirou, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, a jera bokitai ƙarƙashin indararo, kafin la'asar iska ta watsa shi a bar mu da zufa da ƙudaje. Tsohuwar doya ta ƙare a kasuwa, sabuwa kuwa da sauranta. A irin wannan lokaci kowa a Parakou komawa yake kan alabo, busasshiyar doyar nan da ake niƙawa a tuƙa baƙin tuwo, wanda mu a nan muke ce wa telibo. Sana'ata ke nan. A bakin titi nake tuƙa shi a Banikanni, 'yan zemi masu ɗaukar mutane a babur su ne manyan masu cinikina.

Shekaranjiya na kwance bakin sabon buhu, na tura hannu na ɗebo, sai ga wani gutsure da 'yan layuka farare siri-siri a gefensa. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma wannan rubutun ko daga nesa ina karanta shi. Haƙorin ɓera ne. Na zazzage buhun nan kaf a tabarma, na zauna ina juya kowane gutsure, wanda aka taɓa in jefa wa awaki. Maƙwabciyata Maman Bashiru ta leƙo ta katanga ta ga abin da nake yi.

"Fusaina, a wannan tsadar kike ciyar da awaki doya? Ki kai inji kawai, wa zai gane?"

Na ce mata, "Rahina na da satifika sati mai zuwa."

Ta yi dariya, ta ce ita dai ba ta ga abin da ya haɗa kifi da kaska ba. Ban yi mata bayani ba. Rahina 'yar ƙanin mijina ce, ni nake riƙonta tun da uwarta ta rasu, kuma bana za ta zauna jarrabawar fita firamare, wadda muke kira satifika. Duk unguwa sun san tun da zafi ya shigo na hana ta taɓa bokiti, sun kuma san ina kiwon kyanwoyi kamar mai shirin kai su kasuwa. Suna cewa na cika zargi. Na yarda. Amma ruwa ba ya tsami banza, nawa kuwa ya yi tsami ne a wata bazara irin wannan, shekaru talatin da ɗoriya da suka wuce.

Mu tagwaye ne, ni da Asana. A Djougou aka haife mu, garin da tsofaffinmu ke kira Zugu. Babanmu fataucin shanu yake yi, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan, amma duk ranar da ya kwana gida akwai abin da ba ya fashi. In aka kai masa akushi zaure, zai ci ya rage, ya ture tsokar nama gefe, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ina 'yan biyuna?" Mu rugo mu ɗauke. Haka al'adar gidajenmu take: maigida ba ya suɗe kwano, ragewa yake yi, shi kuma yake faɗin yaron da zai ci ragowar. A lokacin ban ɗauki abin a bakin komai ba. Ina ganin ai kowane yaro a duniya akwai akushin da ke jiransa.

Cikin damina zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Muna shirin shiga ajin ƙarshe na firamare ke nan. Ranar sadakar arba'in dangi suka zauna a kanmu. Iya, mahaifiyarmu, in ta gama takaba gidan wanta za ta koma, shi kuwa maɗinki ne mai iyali da yawa, ya ce zai iya da ɗaya, ba zai iya da biyu ba. Ƙanin Baba, wato Baba Isuhu mai sayar da nama a Parakou, ya ce zai ɗauki ɗayar. Ba a tambaye mu ba, da ma ba a tambaya.

Abin da na riƙe daga kwanakin nan shi ne zaman matarsa, Inna Abiba. Duk zamanta a gidanmu kusa da randuna ta shimfiɗa tabarma. Asana tun muna ƙanana ba ta da jiki, in ta ɗauko ruwa rabi a hanya yake ƙarewa. Ni kuwa ga ƙarfi ga son a yaba, sai in ɗora babban daro in shigo da shi ko ɗigo bai zuba ba. Rannan na sauke, Inna Abiba ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa ta kusa da ita, "Wagga akwai wuya." Na yini ina jin daɗi. Washegari aka ce ni ce zan tafi Parakou.

Mutane suka yi ta yi mini barka. Gidan Baba Isuhu a Ladjifarani na siminti ne, da rufin kwano, da ƙwan lantarki a tsakar gida, ga nama kullum. Asana aka riƙa tausaya wa. Ita ma ta yi kuka, ta ce na tafi birni na bar ta da ƙarar keken ɗinki.

In zan faɗi gaskiya, watannin farko ban ga abin ƙi ba. Kaka ce, doya ta yi arha, turmi ba ya hutawa da dakan sakwara. Aka sa ni aji ɗaya da 'yarsu Salamatu, sa'ata, aka ɗinka mana kaki iri ɗaya. Malaminmu, Mushe kawai muke ce masa, ya gwada ni da dikte, wato shifta, da lissafi, ya ɗauke ni daga baya ya dawo da ni bencin gaba. Salamatu tana tsakiya. Da ya ga Baba Isuhu a kasuwa ya gaya masa, wai 'yar Djougou ɗin nan za ta fitar da shi kunya ranar satifika. Baba Isuhu ya zo gida yana ba da labari da fara'a. Inna Abiba tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Na sha gaya wa kaina wataƙila garin take gudun ya zube.

Sai zafi ya shigo, ya shigo da ƙarfinsa. Ƙarfe ba ya taɓuwa da rana, kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai, ƙuraje suka feso wa yara a wuya da baya. Pampon unguwa ya fara zuwa da asuba kaɗai, daga baya in an murɗa sai tari yake yi, daga baya ya yi shiru. Rijiyar gida ta koma laka. Fulani suka yi kudu da shanunsu neman ciyawa, waɗanda ake kawowa kasuwa ƙashi da fata ne, ga tsada. Baba Isuhu da yake yanka sa shi kaɗai ya koma haɗa hannu da wasu a raba. Naman miya ya koma ƙashi, ƙashi ya koma ƙamshi, sakwara ta koma labari. Aka jingina buhunan alabo a ɗakin ajiya, su ne abincinmu har sabuwar doya ta fito.

Yanzu in pampo ya ɗauke, yaro kan ɗora jarkoki a babur ya je rijiyar burtsatse ya ciko, kafin shayi ya huce ya dawo. A wancan lokaci wuyan mace ne babur ɗin. Kafin a kira assalatu Inna Abiba za ta taɓa ƙafata. In naɗa gammo in ɗauki daro, in bi matan unguwa zuwa wata rijiya can cikin fadama bayan gari. A can ba ɗiba ake yi ba, jira ake yi. A zura guga ya kwanta a ƙasa, a tsaya ruwa ya tsattsafo, a jawo rabin guga mai launin kunu. Mata su yi ta cacar baki a kan wa ta riga wa, da Hausa da Dendi da Bariba, amma in an zo ɗora kaya wadda kuka zagi juna da ita ce za ta kama miki. In kai, in komo, in kai, sai randuna sun cika. Sannan in kai wani daron inda yaran aikin Baba Isuhu suke wanke kayan cikin shanu. Kafin in sa kaki in ruga lakwal, an ɗaga tuta an shiga aji. In durƙusa a bakin ƙofa har Mushe ya ga dama. Da tsakar rana in an tashe mu, ni ce mai kai niƙa. Da yamma rijiya kuma. Bayan magariba in buɗe littafi ƙarƙashin ƙwan nan da aka yi mini barka a kansa, kafin in kai ƙarshen shafi ina gyangyaɗi.

Salamatu fa? Salamatu tana da ciwon ƙirji. Ban ce ƙarya ba ne, na taɓa ganin ya tashi mata har idonta ya firfito. Amma na lura tarin nan ya san ƙarar daro. Ba ya tashi a wajen wasa, ba ya tashi ranar biki.

Na fara mantuwa. Abin da na haddace jiya, yau Mushe ya tambaya in miƙe in tsaya baki buɗe. Dikten da nake yi ba kuskure ya koma ja jawur da gyara. Daga bencin gaba na koma tsakiya, daga tsakiya na koma kusa da taga. Mushe ya yi duka har ya gaji, ya tambaye ni da Faransanci me ya shiga kaina. Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

A wurin niƙa na samo amsar, ko in ce a can aka ba ni wata amsa. Kullum kwano biyu Inna Abiba take ba ni, ƙarami da babba, ta ce kada in bari mai inji ya haɗa. Ban taɓa tambayar dalili ba. Rannan ina layi, wata tsohuwa mai sayar da goro ta sa hannu a babban kwanon ta ɗauki gutsure ta duba, ta ɗauki wani, sannan ta leƙa ƙaramin. Ta dubi kakin jikina.

"Ke ɗiyar lakwal ce?"

Na ce e.

"Wanne kike ci cikin biyun ga?"

Na nuna mata babban. Ta riƙe haɓa.

"Ɗiyar gidan ce ke, ko riƙo?"

Na ce riƙo.

"To, shi ya sa." Ta matso ta rage murya. "Ragowar ɓera ba ta zama ciki ɗaya da karatu, kowa ya san wanga. Wanda ya ci, abin da ya shiga kanshi da safe kafin maraice ya zube."

Ban yarda nan take ba. Na je na tambayi malamin allo na unguwa, ban gaya masa don me ba. Ya ce ƙwarai, magabata sun sa ta cikin abubuwan da ke gadar da mantuwa, mai neman ilimi ya kiyaye. Daga ranar na baza ido. Ranar da ba lakwal na ga Inna Abiba ta baza alabo a faifai, tana juya kowane gutsure kamar yadda nake yi yau, lafiyayye ta jefa a ƙaramin kwano, wanda ɓera ya taɓa ta jefa a babba. Na ga ƙaramar tukunya ake fara ɗorawa. Na ga an kwashe ta a akushin Baba Isuhu an kai masa, ya ci ya rage, ya ɗaga murya ya ce, "Salamatu." Sauranmu, ni da ƙannenta maza da yaran aikin Baba Isuhu da Inna Abiba kanta, babbar tukunya ce tamu.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, haka aka koya mana. Na yi ta auna abin. Ai ita ma daga babbar take ci, 'ya'yanta maza ma ita suke ci. Sai wata zuciyar ta ce, su wace jarrabawa ce a gabansu? A gidan nan mu biyu ne kaɗai muke buƙatar kanmu bana, kuma ɗaya ce take cin na kirki.

Wata rana na yi ta maza. Tana kwasar tuwo na tsuguna kusa da ita.

"Inna, ni ma ina da satifika bana."

"Na sani. Sai mi?"

"An ce wanda ɓera ya taɓa yana sa mantuwa."

Ta tsayar da mara ta dube ni. Babu fushi a fuskarta, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Wa ya gaya miki na ware wa Salamatu tukunya? Ta maigida ce. So kike in kai wa mijina abin da ɓera ya ci? Ita ragowar ubanta take ci." Ta ci gaba da kwasa. "Ɗauki naki ki ba ni wuri."

Ba ta yi ƙarya ko kalma ɗaya ba. Na ɗauki malmalata na zagaya bayan ɗaki, na zauna ina kallonta. A ranar na ji mutuwar Baba fiye da ranar da aka fita da shi.

Da aka ba mu hutun tsakiyar zafi, aka sa ni a motar wani direban shanu na tafi Djougou ganin Iya. Na tarar da su a ɗaki ɗaya a bayan gidan kawu, ba lantarki, ba siminti, tuwon masara sau ɗaya a yini. Lokacin ɗorawa ne. Iya tana fita daji da asuba da doguwar ƙugiya, ta dawo da kaya a ka, ta dafa kalwa ta yi daddawa ta kai kasuwa. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo, tafin hannunta ya tsattsage. Da rana garin ɗorawa muke lasa, bakinmu ya yi rawaya. Amma Asana tana zaune gindin mangwaro da littafi tun safe. Na ga ta miƙe za ta ɗauki guga, Iya ta daka mata tsawa, ta ce, "Aje shi. Ni na ce miki ina son ruwa?" Na yi wa Asana tambayoyi daga littafin, tana ba ni amsa kamar mai karanta Fatiha. Ta yi mini, na yi tsuru. Kishi ya kama ni, na 'yar'uwar da muka kwanta ciki ɗaya, ba zan ɓoye ba.

Da Asana ta fita na zayyane wa Iya komai: tsohuwar goro, kwano biyu, tukunya biyu. Rijiyar kuwa a fizge na ambace ta, don a ganina aiki ba abin kai ƙara ba ne, kowace 'ya tana yi. Iya ta ci gaba da juya kalwa a tukunya. Na roƙe ta ta bar ni in zauna, ko a ƙasa zan kwana.

"Ba ni da wanga bakin," in ji ta. "Ke ɗiyarsu ce. In na riƙe ki, gobe su ce na raba ki da dangin ubanki. Ranar aurenki wa zai tsaya miki?" Ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne. "Amma tuwon ga, kada ki sake kai shi bakinki sai kin gama jarrabawa. Kin ji ni? Ki karɓa don kada su gane, amma kada ki ci."

Ta kai daddawar ranar duka kasuwa ta auno mini garin rogo da ƙuli-ƙuli, ta ƙulle a tsohon zanenta ta cusa ƙasan jakata. Iyakar ƙarfinta ke nan, kuma da zuciya ɗaya ta yi. Allah ya ji ƙanta.

Na dawo Parakou na bi maganarta sau da ƙafa. In karɓi malmala in zagaya baya, ƙannen Salamatu su biyo ni, su suka ci ribar abin. Ni in jiƙa gari a gwangwani in haɗa da ƙuli ɗaya. Ƙullin kuwa a cikin wani fasasshen tulu nake ɓoye shi, na danne bakin da dutse don kada ɓerayen su bi ni har can. Rijiya ba ta ragu ba, don ruwan da ake jira ya yi irin na bana: ya zubo sau ɗaya, aka yi murna, ya tafi. Masara ta tsiro ta ƙone. Maza suka fita roƙon ruwa, hadari ya haɗo ya watse. In na sauke daro sai in ga taurari da rana tsaka. Amma zuciyata fari tas, a ganina kullum dafin ɓera fita yake daga kaina.

Ko Inna Abiba ta gane? Macen da take sani in an taɓa mata gishiri, a ce ba ta ga yarinya tana zubewa a gabanta ba? Sau ɗaya ta ce, "Ke kam zafin ga ya sha ki." Ba ta ƙara ba. Wannan ma yana cikin abin da nake juyawa har yau.

Garin ya ƙare ana saura 'yan kwanaki. Na kakkaɓe zanen na lashe. Na ce ai na kusa, ba zan ɓata wahalata a bakin gaɓa ba. Na rayu da kokon safe da ɗan mangwaron da ya rage a hanyar fadama.

Ranar jarrabawa da safe Inna Abiba ta sayo mana ƙosai mai zafi, ni da Salamatu, daidai wa daida, ta yi mana addu'a tare. Ƙamshinsa har ƙwaƙwalwata. Amma ina tafe ina tambayar kaina, me ya sa sai yau? Na juya shi, na duba gefensa, na shinshina. Kafin mu kai ƙofar lakwal na faki idon Salamatu na jefa shi cikin ciyawa.

A ranar ne ruwa ya zo. Tun muna hanya iska ta taso da ƙamshin ƙasa, muna zama aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Rufin kwano ya ɗauki ƙara, mai karanta dikte yana ɗaga murya jijiyar wuyansa a waje, ana ganin bakinsa ba a jin rabin abin da yake faɗa. Sanyi ya ratsa ni, ni da na yi watanni ban san sanyi ba. A waje ƙananan yara suna tsalle cikin ruwa, kuma abin da ya fara zuwa raina shi ne, gobe ba rijiya. Wani irin daɗi ya sauko mini, jikina ya saki. Na dubi takarda, layukan suna iyo. Na ce bari in ɗora kaina kaɗan jiri ya wuce. Mai tsaron aji ne ya taɓa kafaɗata yana karɓar takardu.

Da aka kira sunayen waɗanda suka ci a filin lakwal, an kira Salamatu. Daga Djougou saƙo ya zo Asana ta ci, har tana cikin na gaba-gaba. Ni na tsaya har aka watse. Mushe, duk da dukan da ya yi mini, ya taka har teburin Baba Isuhu ya roƙa a bar ni in maimaita aji. Ya ce yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, akwai abin da ya same ta. Baba Isuhu ya yi masa godiya, ya naɗe masa tsoka a takarda, ya ce sai baɗi in Allah ya kai mu. A gida na ji Inna Abiba tana gaya wa baƙi, "Kowa da inda Allah ya aje rabonshi. Wagga hannunta ke da albarka, ba kanta ba." Da aka koma lakwal Salamatu ta tafi kolej da sabon kaki, ni aka ba ni tukunya. Baɗin nan ba ta zo ba har na yi aure.

Asana yanzu malamar lakwal ce a Djougou, ta kusa ajiye aiki. Salamatu ungozoma ce a wani asibiti a kudu. Ba na baƙin ciki da ko ɗayansu, tukunyata ta rufa mini asiri, ta kai 'ya'yana inda ban kai ba. Amma duk sa'ad da muka haɗu da Asana sai mun yi wannan musu.

"Fusaina, wane ɓera kuma?" haka take cewa. "Rijiya ce ta cinye ki, yunwa ta ƙarasa. Ina ganin irinki a ajina kowace shekara. Daga zaman yarinya a benci nake gane wadda ba a gaban uwarta take ba."

In ce mata na ji, ke ce mai ilimi, to ƙaramin kwanon fa? Ta ce al'ada ce. In ce to wuyan da aka yaba fa? Nan sai ta canza zance, don ita ma tana wurin.

Jiya abin ya ƙi barina. Baba Isuhu ya daɗe da rasuwa, amma Inna Abiba tana nan a Ladjifarani, ta tsufa tukuf, jikoki ke kula da ita. Ina kai mata abinci lokaci-lokaci, don ko ba komai a hannunta na girma. Na tuƙa telibo mai laushi daga wanda na tsince, na hau zemi na tafi. Na same ta a tsakar gida tana kallon hadari. Ta gane ni, ta yi murna, ta ci tana sa albarka. Sai da ta wanke hannu na yi magana.

"Inna, kin tuna shekarar da muka yi satifika ni da Salamatu? Shekarar da pampo ya ƙafe?"

"An yi haka?"

"Kina ba ni kwano biyu in kai niƙa, ƙarami da babba."

Ta daɗe tana kallona. Na zuba mata ido ina neman ko da ƙyaftawa ɗaya ce, irin ta wanda aka fama wa tsohon miki. Ban ga komai ba. Ko babu ne, ko ta fi ni iyawa, Allah masani.

"Wallahi ɗiyata ban tuna ba," in ji ta. "Ashe ke ma kin yi lakwal?"

Na ce mata na ɗan taɓa. Na tattara kwanukana na yi mata sallama.

A hanya aka fara yayyafi. Na tarar da Rahina a bakin ƙofa ta ɗauko bokitai za ta tara a indararo, na karɓe na ce ta koma kan littafinta. Ina jera su na ji maigidana daga zaure ya gama cin abinci, ya ɗaga murya ya ce, "Rahina." Ni na ɗora shi a kan haka tun ranar da ta zo gidan nan, bai san dalili ba. Na tsaya ina sauraron ruwa yana bugun gindin bokitai. An ce ragowar ɓera tana sa mantuwa. Wataƙila gaskiya ne, ai Inna Abiba ma daga babbar tukunyar ta ci. Ni ce dai har yau nake jira mantuwar ta kama ni.